Wa ke ƙera abubuwan da ke tsaye a shataletalenmu?

Ɗan Magini, Kusiri

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni, kuma na fi son amsar waɗanda suka gani da idonsu, ko a Njamena suke, ko Marwa, ko Garwa, ko Ngaundare.

Ni mutumin Kusiri ne. Atamfa da shadda nake ɗauka in ƙetara gadar Ngeli in kai wa masu shaguna a babbar kasuwar Njamena da ta Dembe. Wanda ya san garin nan ya san yadda ake kwatance a cikinsa: ba ka ce wa ɗan kilando, wato mai babur na haya, sunan titi, balle lambar gida. Ka ce masa Hamama, ko ka ce ya sauke ka gaba da Gazel kaɗan, ya riga ya gane. Sunayen shataletale ne: Hamama kurciya, Gazel barewa, su ke nan suka zama adireshin jama'a masu ɗimbin yawa. To amma cikin masu ambaton sunayen nan safe da yamma, nawa ne suka taɓa ɗaga kai suka dubi abin da aka kafa a tsakiyar shataletale? Na tambayi wani yaro da ke yawan ɗaukata a babur, wanda kullum hanyarsa ke nan, ko zai iya kwatanta mini abin da ke wurin. Ya ce, "Alhaji, ni idona na kan mota da ɗan sanda." Gaskiya ya faɗa, ban ga laifinsa ba. Amma abin ya tsaya mini a rai.

Ga dalili. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, magini ne, kuma a hannun kakanmu da ya zo daga ƙasar Kano ya koya. In ya gama ɗora tubali ya yi yaɓe, ba ya barin ƙofar zaure haka nan sumul. Tun ƙasa na da danshi zai ɗauki guntun ƙarfe da cokali ya fitar da dagi a saman ƙofa, ya ja layuka su zagaye ta, wani lokaci ya sa takobi, wani lokaci allo, gwargwadon ko wane ne mai gidan. Yakan ce cikin gida na mai gida ne, amma fuskar zaure ta mai wucewa ce, don haka ba a yi mata aikin ganin dama. Ina yaro nakan bi shi ina miƙa masa kwaɓaɓɓiyar ƙasa, kuma a unguwa kowa ya san wane zaure ne aikin hannunsa. Yau ko ɗaya bai rage ba. Waɗansu masu gidajen sun rushe sun yi na bulo, sauran kuma ruwan da kogunan Logon da Shari suka kawo mana a 2022 da 2024 ya ƙarasa su. Na zagaya na duba da kaina.

Tun daga nan idona ya buɗe a kan duk abin da aka yi domin mai wucewa. Ku ɗauki babban dandalin nan na gaban fadar shugaban ƙasa, Plas da la Nasiyon, wanda aka gina domin cikar Cadi shekara 50 da samun 'yancin kai. Ranar 11 ga Agusta 1960 aka samu 'yancin, bikin kuwa sai ranar 11 ga Janairu 2011 aka yi shi, bayan damina ta wuce. Doguwar ƙofar nan mai siffar baka, daga nesa ake hango ta. Wani ne ya zauna ya zana ta a takarda. Waɗansu suka lanƙwasa ƙarfe, waɗansu suka zuba kankare cikin ranar Njamena, wadda kun san yadda take a watan Afrilu. Amma irin allunan da na saba gani a gindin abubuwa irin waɗannan, sunan babban da ya yanke ƙyalle da ranar da ya yanke suke ɗauke da su. Mai hannun fa?

Shi ne nake tambaya: su wane ne ke yin waɗannan ayyuka, a ina suke koyo, kuma me ya sa ba a jin sunansu? Akwai kuma abin da ke damuna ta wani gefen. Wani maƙwabcina da nake ganin girmansa ya ce mini duk gumaka ne, bai kamata musulmi ya tsaya yana kallonsu ba, balle ya yaba. Ban yi masa musu ba, don ni ba malami ba ne. In akwai mai ilimin abin a nan, ya warware mana.

Mai Walda, Domayo, Marwa

Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Tambayarka ta farko ta faɗo gidana, don na taɓa sa hannu a irin wannan aiki.

Yadda abin ke tafiya, ba da mai sana'a ake magana ba tun farko. Ofis ne ke ba ɗan kwangila, ɗan kwangila ya nemo mai zane, mai zane ya nemo irinmu. Kafin aikin ya iso hannun wanda zai riƙe ƙarfe, ya bi ta hannu uku ko huɗu, kuɗin ya rame, sunan kuma ya ɓace a hanya. Ni wanda na yi, wata dabba ce ta siminti da aka sa a mahaɗar hanya a wani ƙaramin gari. Ranar buɗewa ina cikin 'yan kallo, a bayan igiya. Ban ji haushi ba a lokacin, an biya ni. Sai daga baya, da na ga ta fara tsagewa ba wanda ya neme ni, alhali na san inda ciwon yake.

Bari in gaya maka yadda ake yi, don in ka sake wucewa ka san abin da za ka duba. Da farko ƙashi ake haɗawa da rodi, a lanƙwasa a yi walda har siffar ta fito, ƙafafu su shiga cikin gindin kankare. Sai a naɗe da ragar waya, a riƙa shafa siminti kaɗan-kaɗan, shafi bisa shafi. A nan gwani ke bambanta da mai neman kuɗi kawai. Gwani zai riƙa yayyafa ruwa yana rufewa da buhu har simintin ya kama a hankali. Mai gaggawa zai bar shi a rana ya bushe a yini guda, ya shafa fenti ya tafi. Da hunturu ya zo sai 'yan tsage-tsage su fito, damina ta zo ruwa ya shiga, rodin ciki ya yi tsatsa ya kumbura, ya fasa simintin daga ciki. Shi ya sa za ka ga kunne ko ƙaho ko fiffike ne ke fara faɗuwa, don a nan simintin ya fi siranta. In ka ga jan layi na gangarowa daga jikin abu kamar hawaye, to ƙarfen ciki ne ke ci.

Na tagulla daban ne, aikin maƙeran fari ne. Da kakin zuma ake fara siffanta abin, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya fita, a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa, in ta huce a fasa yumɓun. Mutanen Fumban sun yi suna a kansa, kuma a nan Marwa in ka shiga kasuwar masu aikin hannu za ka ga ƙanana.

Amma akwai wanda sunansa bai ɓace ba, kuma saboda shi nake ɗaga kai da sana'ata. Na yi zaman koyon aiki a Duwala, kuma duk wanda ya je can ya san dogon mutumin ƙarfen nan na shataletalen Deido. Sunan aikin La Nouvelle Liberté, wanda ya yi shi Joseph-Francis Sumégné, an kafa shi a 1996, tsayinsa mita 12. Da tarkacen mota da ƙarafan da aka zubar aka haɗa shi, yana tsaye a kan ƙafa ɗaya, ya ɗaga duniya sama da kansa. Wata ƙungiya mai suna doual'art ce ta tsaya masa. Da aka kafa shi ba kowa ya so ba. Waɗansu suka ce dodo ne, waɗansu suka ce don me za a ba mutumin yammacin ƙasar ya kafa abu a tsakiyar unguwarsu. Yau shi ne alamar Duwala. Ni nakan tsallaka in tsaya kusa in bi wuraren waldar da ido, in ga yadda ya raba nauyi har abu mai girma haka ya tsaya a ƙafa guda cikin iska da ruwan bakin teku. Wanda bai taɓa riƙe ƙarfe ba ba zai san wuyar wannan ba.

Almajirin Hausare, Garwa

Malam Ɗan Magini, Allah ya saka da alheri da ka tambaya maimakon ka yanke wa kanka hukunci. Maƙwabcinka yana da madogara, sai dai ya haɗa abubuwa da yawa a buhu ɗaya.

Asalin tsoron a bayyane yake. A Suratu Nuhu, aya ta 23, an ambaci Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru. Abdullahi ɗan Abbas ya bayyana cewa mutanen kirki ne, da suka rasu aka kafa musu alamomi a wuraren zamansu don tunawa, da zamani ya ja ilimi ya gushe sai aka koma bauta musu. Don haka malamai suka fi tsanantawa a kan mutum-mutumin shugabanni da manyan mutane, wanda ake kafawa domin girmamawa. Wannan ba wasa ba ne, kuma ni ma ba na son sa. Mu a nan Garwa, garin da aka haifi Ahmadu Ahijo, in ana maganar tunawa da shi, addu'a ce ta fi amfanar sa a kabarinsa na Dakar, inda ya rasu a 1989.

A mazhabarmu ta Malikiyya, abin da aka haramta yi shi ne siffar mai rai, mutum ko dabba, wadda take da jiki har tana da inuwa, kuma gaɓoɓinta sun cika. Zanen da ke shimfiɗe a bango ko takarda bai kai wannan matsayi ba, an dai ƙi shi a wasu halaye. 'Yar tsanar yara mata an yi rangwame a kanta, don Nana A'isha ta yi wasa da su a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abin da ba shi da rai kuwa, itace, tulu, ƙwarya, kwalekwale, ƙofa, dagi, babu komai a kansa. Wani mai sana'ar zane ya zo wa Ibn Abbas ya ce da ita yake ci, sai ya ce masa in ya zama dole, ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Ka lura bai ce masa ya bar sana'a ya zauna ba, hanya ya nuna masa.

Saboda haka aikin mahaifinka halal ne tsantsa, kuma ƙawata hanyar jama'a abu ne mai kyau. Baka irin na dandalin da ka ambata ma haka. Ƙanena mai walda, kai kuma shawarata gare ka, in an sake kawo maka aikin dabba cikakkiya, ka nemi a sauya da wani abu. Hannun da ya iya fitar da barewa zai iya fitar da kan auduga ko gangar Lamido. Mai wucewa da idonsa ya faɗa kan abin da wasu suka kafa, ko ya ambace shi don kwatance, ba shi ne ya ƙera ba. Allah ne mafi sani.

Malama Ta Njamena

Sallama gare ku. Na karanta duka, na ƙaru, amma iyayena maza kun yi ta maganar rodi da siminti da tagulla kun manta da masu yi da tafin hannu.

Yaya Ɗan Magini, kana shigowa garin nan kullum, ka taɓa ƙarasawa Gawi? Ƙauyen ƙabilar Kotoko ne, bai fi tafiyar kilomita 10 ba daga Njamena. A can mata ne ke yi wa bangon gidaje ado, da ƙasa mai launi, fara da ja da baƙa. Za ka ga layuka da kusurwoyi, ka ga tsuntsu, ka ga kifi, ka ga mace na daka. Ruwa na wanke shi, su sake. Abin da mahaifinka ya ce game da fuskar zaure, su har yanzu a kansa suke. Su ne kuma ke gina manyan tulunan da ake kawowa kasuwannin birni, waɗanda muke sanyaya ruwa a ciki. Tsohon gidan sarkin garin, na ƙasa mai bene, an mai da shi gidan tarihi.

Ni malamar firamare ce, kuma na taɓa kai ɗalibaina can bayan mun je gidan tarihi na ƙasa sun ga kayan Sao, tsoffin mazauna wannan yanki: ƙananan kawunan mutane da dabbobi na gasasshen yumɓu, da manyan tukwanen da suke binne mamatansu a ciki. Kotoko na cewa su jikokin Sao ne. Tun shekarun 1930 Faransawa masu tonon tarihi suka fara haƙo waɗannan kaya a bakin Shari da Logon, har da ɓangarenku na Kamaru, kuma da yawa suna Faris yanzu. Yaran nan duk sun san Sao sunan ƙungiyar ƙwallon ƙafar ƙasarmu ce, amma a ranar suka fara sanin cewa mutane ne masu aikin hannu. Wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta tsuguna gefen wata tsohuwa mai ginin tulu, ta ƙi tashi har sai da aka ba ta yumɓu ta taɓa. Da muka dawo, mako guda tana zana bangon Gawi a bayan littafinta.

A kan maganar suna, a Gawi ba a rubuta sunan kowa, amma ka tambayi duk yaron da ka gani wa ta yi wannan bango, zai kai ka har ƙofar ɗakinta. A birni ne sunan ke ɓata, don mai yi da mai kallo ba su san juna ba.

Direban Titan, Ngaundare

Ni dai ku yi haƙuri, zan faɗi tawa. Daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare nake ɗaukar kaya zuwa Njamena. Wanda ya bi hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kusiri da damina, ya kwana a taɓo, in ya iso gari ya ga an kashe kuɗi an kafa wani abu a shataletale an zagaye shi da fitilu, ransa ba zai yi daɗi ba. A fara gyara hanya tukuna.

Ado kuma ai muna da shi ba tare da kuɗin gwamnati ba. Ku dubi bayan manyan motoci: ɗawisu, zaki, dabino, masallaci, da rubutu irin "Haƙuri maganin duniya". Da kuɗin aljihunmu muke biyan mai fenti, kuma shi yakan sa sunansa da lambarsa a ƙasan ƙyauren baya, ba mai hana shi. Sai dai su ma aikinsu na ja baya, don yanzu kowa bugun inji yake so, har masu aski sun daina sa allon da aka zana da hannu. Ku shiga zauren fadar Lamidon Ngaundare ku ga ginshiƙan nan masu kauri da aka yi wa ado da launuka. Ku je Pus ku ga ɗakunan ƙabilar Musgum masu tsini, waɗanda zanen jikinsu shi ne matakalar hawa, shi ne kuma hanyar ruwa. A Bidzar, kan hanyar Garwa zuwa Marwa, akwai zanen da magabata suka sassaƙa a kan farin dutse, da'ira cikin da'ira. Tun 2006 yana jerin wuraren da Kamaru ta miƙa wa hukumar UNESCO don a sa su cikin wuraren tarihi na duniya, amma masu fasa dutse na aiki kusa da shi, mu kuma muna wucewa da gudu.

Ɗan Magini, Kusiri

Na gode muku duka. Allah ya gafarta Malam, ka sauke mini nauyi, kuma zan kai wa maƙwabcina bayanin nan yadda ka faɗe shi, har da ɓangaren da ya goyi bayansa.

Direba, hanyar Dabanga ni ma ta ci mini kaya, ba zan yi maka gardama a kanta ba. Inda na rabu da kai shi ne "tukuna". Da mahaifina ya jira sai an kawo wa unguwarmu famfo da kwalta kafin ya yi dagi a ƙofa, da bai yi ko ɗaya ba har ya koma ga Allah. Kai ma ba ka jira an gyara hanya ba ka sa aka zana maka ɗawisu. Abin da zan yarda da shi, in za a kashe kuɗin jama'a a kan irin wannan, to a ba masu hannu na garin kai tsaye, a yi abin da mutanen garin za su gane kuma addininsu bai ƙi ba, a rubuta sunan wanda ya yi, a kuma ajiye lambarsa don ranar da abin zai tsage. Abin da mai walda ya faɗa, cewa yana kallon aikinsa na lalacewa ba a neme shi ba, shi ya fi ci mini rai a duk zancen nan.

Malama, ina so in kai 'ya'yana mata Gawi. Wane lokaci ya fi, kuma ana barin baƙo ya ɗauki hoto?

Malama Ta Njamena

Ka bari damina ta ɗauke hanya ta bushe, Yaya, lokacin sanyi ya fi, kuma ku fita da sassafe. In kun isa ku fara da gidan tarihin, a nan za a haɗa ku da mai zagayawa da ku. Hoto ana ɗauka, amma a yi sallama a nemi izinin matar gidan kafin a ɗaga waya, musamman in ita ko 'ya'yanta za su fito a ciki. Ku riƙe canji, don yaran za su so ƙananan tukwane, kuma daga hannun mai ginin ya fi kyau a saya. A Plas da la Nasiyon kuwa kada ka juya waya wajen fadar shugaban ƙasa, sojojin wurin ba sa son haka.